Yadda ake karanta alƙaluman ajin share fage a makarantun gwamnati na Boston

Tambaya: Wata baiwar Allah da ke zaune a Boston, a jihar Massachusetts ta Amurka, ta ce ɗanta zai cika shekara 4 kafin watan Satumba, kuma tana so ta sa shi a ajin share fagen firamare na gwamnati. Ta duba intanet ta ga an jera makarantu, kowace da makin jarrabawa, da kason baƙaƙe da farare, da na masu ƙaramin ƙarfi, da na masu koyon Ingilishi. Makarantar da ke kusa da gidansu makinta ƙasa yake, kuma yawancin yaranta 'ya'yan talakawa ne. Ta guje mata, ko kuwa?

Amsa: Malama, kada ki yanke wa makarantar nan hukunci da wannan maki tukuna, domin ba makin ajin da ɗanki zai shiga ba ne. A jihar Massachusetts jarrabawar jiha, wadda ake kira MCAS, daga aji uku take farawa, wato yara 'yan shekara 8 zuwa 9. Babu ɗan shekara 4 da ke zama ya rubuta ta. A Boston ajin 'yan shekara 3 shi ne K0, na 'yan 4 K1, na 'yan 5 kuma K2, kuma galibinsu a cikin ginin makarantar firamare suke. Saboda haka lambar da kika gani a gefen sunan makarantar sakamakon manyan yara ne na aji uku zuwa sama. Cikinsu akwai waɗanda ba a nan suka yi K1 ba, sai daga baya suka zo. Cikin waɗanda suka yi K1 a nan kuma akwai waɗanda iyayensu suka tashi zuwa bayan gari, ko suka mayar da su makarantar kuɗi, tun kafin su kai aji uku. Malamar K1 ma ba lallai ne ita ce ta shekaru huɗu da suka wuce ba.

Ko da makin na ajin ne, akwai matsala ta biyu wadda ta fi wannan girma. Makin jarrabawa yana nuna inda yaro yake a ranar da aka gwada shi. Bai nuna inda ya faro ba. Mai kiwon da aka ba ramammen rago ya ƙara masa kilo goma ya fi wanda aka ba ƙosasshe ya ƙara masa biyu iya kiwo, amma a kasuwa ragon na biyu ne zai fi nauyi. A duk faɗin Amurka matsakaicin makin makaranta yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da samun iyayen yaran da iliminsu. Idan kika jera makarantu bisa maki, kusan kin jera su ne bisa arzikin unguwanninsu.

Ga misali da alƙaluman ƙaddarawa, ba na wata makaranta ta gaske ba. A ce makaranta ta farko kashi 80 cikin ɗari na yaranta masu ƙaramin ƙarfi ne. Cikinsu kashi 35 suka kai matakin da ake so, cikin sauran yaran kuma kashi 65. Idan aka haɗa, kashi 41 ke nan. Makaranta ta biyu kashi 20 ne kawai masu ƙaramin ƙarfi. Cikinsu kashi 25 suka kai, cikin sauran kashi 60. Idan aka haɗa, kashi 53. A shafin intanet ta biyu ce a sama da tazara mai yawa, 53 da 41. Amma ɗan talaka ya fi cin nasara a ta farko, ɗan mai hali ma ya fi cin nasara a ta farko. Abin da ya ɗaga ta biyu shi ne irin yaran da suka cika ta. Wannan yana faruwa a zahiri, kuma shi ya sa jimillar maki ita ce lambar da ta fi ruɗar iyaye.

To me za ki duba a maimakonta? Ma'aikatar ilimi ta jihar tana da shafi na bayanan kowace makaranta da kowace gunduma, kyauta ne. Ki je can, ki bar shafukan da ke ba makaranta maki daga 1 zuwa 10. A sakamakon MCAS za ki ga makin yana tsakanin 440 da 560, kuma 500 ne iyakar da ake cewa yaro ya kai abin da ake tsammani. Kada ki tsaya a nan. Ki nemi lambar da suke kira SGP, wato ma'aunin ci gaba. Ana ɗaukar yaro a kwatanta shi da sauran yaran jihar da suka sami maki irin nasa a baya, a ga ko ya wuce su bana ko sun wuce shi. Lambar daga 1 ce zuwa 99, kuma 50 ne tsakiya. Makarantar da makinta ke ƙasa amma matsakaicin ci gabanta ya haura 50 shekara bayan shekara, ana koyarwa a cikinta. Wadda makinta ke sama amma ci gabanta na yawo a wajen 40, yaran ne suka zo da abinsu daga gida. Ki sani dai ma'aunin daga aji huɗu yake farawa, tunda sai da makin bara ake lissafa shi, don haka labarin makarantar gaba ɗaya yake ba ki, ba na K1 ba. Duk da haka yana da amfani, domin yaron da ya sami kujera a K1 a makarantar zai ci gaba da firamare.

Ki kuma buɗe sakamakon rukuni-rukuni, ki kwatanta masu ƙaramin ƙarfi na nan da na can, masu koyon Ingilishi na nan da na can. Sai dai a nan ƙanƙantar adadi na yin ɓarna. Idan yara 40 ne a aji uku, kowane yaro ɗaya kashi 2.5 ne. Yara huɗu su yi zazzaɓi a makon jarrabawa, ko sababbin zuwa huɗu su shigo a watan Janairu, makin ya faɗi da kashi 10 alhali babu abin da ya sauya a koyarwa. Shi ya sa jihar ba ta wallafa sakamakon rukunin da bai kai yara 10 ba. Ki duba shekara uku a jere kafin ki ce makaranta na hawa ko tana sauka. Akwai kuma lamba ɗaya da ta shafi ƙananan yara kai tsaye: yawan masu fashin zuwa makaranta. Ana sa yaro a wannan rukuni idan ya rasa kashi 10 na kwanakin karatu, wato kwana 18 cikin 180, ko da uzuri ko babu. Inda fashi ya yi yawa malama tana ta maimaita darasi, har yaran da ke zuwa kullum abin na taɓa su.

Yanzu batun wane ne wane a makarantar. Gundumar makarantun gwamnati ta Boston tana da ɗalibai kusan dubu 50. 'Yan asalin Latin Amurka sun haura kashi 40 cikin ɗari, baƙaƙe kusan kashi 30, farare wajen kashi 15, 'yan asalin Asiya ƙasa da kashi 10. Kusan ɗaya cikin uku masu koyon Ingilishi ne, wajen kashi 70 kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. Da wannan ma'auni za ki auna makarantar unguwarku. Idan kashi 75 na yaranta masu ƙaramin ƙarfi ne, ba wata ta daban ba ce, irin Boston ce.

Rukunan nan kuma buhuna ne manya. Layin da aka rubuta "baƙaƙe" ya haɗa jikokin Baƙaƙen Amurka da suka yi shekaru aru-aru a ƙasar, da 'yan Haiti, da 'yan Cape Verde, da Somaliyawa, da 'yan Najeriya, da ɗanki. Ɗan likita da ɗan wanda ya iso daga sansanin gudun hijira bara duk layi ɗaya ne. Lambar "masu ƙaramin ƙarfi" ma ta sauya ma'ana a hanya. Da ana ƙirga masu cike takardar neman abincin rana kyauta ne. A 2013 Boston ta fara ciyar da kowane ɗalibi kyauta ba tare da takarda ba. A 2015 jihar ta koma ƙirga yaran da iyalansu ke cikin shirye-shiryen tallafin gwamnati, kamar tallafin abinci da inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, sai kason ya faɗi a kan takarda. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 aka sake faɗaɗa ma'anar, ya sake tashi. Wanda ya ɗauki lambar 2014 ya ajiye kusa da ta 2016 zai zaci talauci ya ragu a unguwar, alhali ma'auni ne aka canja. Ƙirgar da ta dogara da shiga shirin tallafi kuma tana iya tsallake iyalan baƙi da ba su cancanci tallafin ba ko suke tsoron nema.

Abin da ya fi tsorata iyaye ba gaira ba dalili shi ne kason yara masu buƙata ta musamman. Za ki iya ganin wata cibiyar ƙananan yara da kasonta ya ninka na sauran makarantu. Dalilin doka ne. Dokar tarayya ta wajabta wa kowace gunduma ta ba yaro mai lalura ilimi kyauta tun daga ranar da ya cika shekara 3, alhali sauran yara ba a wajabta ba su kujera a wannan shekarun ba. Don haka kujerun K0 da yawa na yaran da ke da jinkirin magana ne, ko matsalar ji ko gani, ko galahanga. Jihar ta ƙayyade yadda ake haɗa su da sauran yara: aji mai malama da mataimakiya kada ya wuce yara 20 idan masu lalura ba su fi 5 ba, idan kuma 6 ne ko 7 kada ajin ya wuce yara 15. Ki lura da abin da wannan ke nufi. Ajin haɗaka sau da yawa ya fi ajin K1 na gama-gari ƙarancin yara, tunda shi yana kai 22, kuma masu gyaran magana da sauran ƙwararru na shiga cikinsa. Ni a ganina uwar da aka ba ɗanta kujera a irin wannan aji bai kamata ta ƙi ba don lambar da ta gani kawai.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: yaran K1 ba hoton yaran gundumar ba ne daidai. Kujerun ba sa isa, ba tilas ba ne, kuma sai wanda ya nema da wuri. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan Boston ya nuna cewa iyalai masu ƙaramin ƙarfi, da waɗanda ba farare ba, da masu wani harshe a gida, sun fi ƙarancin neman K1, sai a K2 suke bayyana. Wato waɗanda ajin zai fi amfana su ne suka fi rasa shi, sau da yawa don ba su ji labarin lokacin rajista ba. Wannan ne ma ya sa idan makaranta ta ce miki yaran da suka yi K1 a wurinta sun fi sauran ƙoƙari a K2, magana ce mai daɗi amma ba hujja ba ce. Iyayen da suka san ranar rajista suka tara takardu a watan Janairu, wataƙila dama su ne ke karanta wa 'ya'yansu littafi da dare.

Masu bincike sun sami hanyoyi biyu na kauce wa wannan tarko, kuma Boston na cikin biranen da aka fi yi wa nazari. Hanya ta farko ita ce ranar haihuwa. Sai yaro ya cika shekara 4 zuwa 1 ga Satumba yake shiga K1. Wanda aka haifa 31 ga Agusta ya shiga bana, wanda aka haifa 2 ga Satumba sai baɗi. Kwana biyu ne tsakaninsu, iyayen duka sun nemi ajin, amma a kakar da ta biyo ɗaya ya gama shekara a K1, ɗayan yanzu zai fara. Christina Weiland da Hirokazu Yoshikawa sun gwada yara 2,018 ta wannan hanya, suka wallafa a 2013. Gwajin ba na takarda da fensir ba ne. Mai gwaji na zama da yaro shi kaɗai, ya buɗe shafi mai hoto huɗu ya faɗi kalma, yaro ya nuna da yatsa. Ya nuna masa harafi ya faɗi sunansa. Ya tambaye shi lissafin hoto, kamar tsuntsaye nawa suka rage. Akwai ma na fensir: idan mai gwaji ya buga tebur sau ɗaya yaro ya buga sau biyu, idan ya buga biyu yaro ya buga ɗaya, don a ga ko yana iya riƙe ƙa'ida ya danne son kwaikwayo. Yaran da suka yi K1 sun yi wa takwarorinsu fintinkau a yawan kalmomi da karatun farko da lissafi, sun kuma ɗan fi su a riƙe hankali. A wasu ma'aunai 'yan Latin Amurka da masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi ƙaruwa.

Wannan sakamako ba daga sama ya faɗo ba. Tun 2005, zamanin magajin gari Thomas Menino, gundumar ta kafa sashen ilimin ƙananan yara ƙarƙashin Jason Sachs. Malamar K1 a Boston tana kan tsarin albashi ɗaya da malamin aji biyar ko na sakandare, sai da digiri ake ɗaukarta, kuma ana buƙatar ta yi digiri na biyu cikin shekara biyar. An ba su manhaja takamaimiya, a lissafi Building Blocks ta Douglas Clements da Julie Sarama, aka kuma riƙa tura masu horarwa cikin aji suna kallo suna gyara. A wurare da yawa na Amurka mai kula da 'yan shekara 4 albashinta bai kai na malamar firamare ba ko kusa, shi ya sa ba sa daɗewa.

Hanya ta biyu ita ce ƙuri'a. Idan masu nema sun fi kujeru, kwamfuta ce ke raba gardama da lambar sa'a, don haka wanda ya ci da wanda bai ci ba babu abin da ya bambanta su sai sa'ar. A nan labarin ya ɗan rikice, kuma gara ki ji shi duka. Binciken da ya bi yaran da suka shiga ƙuri'a tsakanin 2007 da 2011 bai ga bambanci a makin aji uku ba tsakanin waɗanda suka ci da waɗanda suka rasa. Wani ɓangare na dalilin shi ne mafi yawan waɗanda suka rasa ba gida suka zauna ba, wata makarantar share fagen suka tafi. Sai kuma binciken Guthrie Gray-Lobe da Parag Pathak da Christopher Walters, wanda ya bi yara sama da 4,000 da suka nemi shiga tsakanin 1997 da 2003 har suka girma. Su ma ba su ga tasiri a makin MCAS ba. Amma a cikin kowane yara 100 da suka sami kujera, an sami ƙarin kusan 6 da suka gama sakandare, da ƙarin kusan 8 da suka wuce jami'a ko kwaleji kai tsaye bayan gamawa. An kuma rage dakatar da su daga makaranta da tsare su a gidan gyaran hali. Tasirin ya fi ƙarfi a kan yara maza, kuma bai bambanta sosai ta launin fata ko samun iyaye ba. Ke nan jarrabawar da kike dubawa don zaɓar makaranta ita ce ainihin ma'aunin da ya kasa ganin amfanin ajin a garin da kike zaune.

Kada wannan ya sa a ɗauka kowane ajin share fage alheri ne. A jihar Tennessee masu bincike na jami'ar Vanderbilt sun bi yara 2,990 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, su ma ta ƙuri'a. Da farko waɗanda suka shiga sun fi, kafin ƙarshen shekarar da ta biyo sauran sun kamo su, zuwa aji shida kuma, kamar yadda aka wallafa a 2022, makinsu ya koma ƙasa da na waɗanda ba su shiga ba, laifuffukansu a makaranta sun fi yawa. Dale Farran, ɗaya daga cikin masu binciken, ta danganta abin da yadda ranar yaran ke tafiya: dogon zama gaba ɗaya malama na magana, bitar haruffa da lambobi, da lokaci mai yawa da ke ƙarewa a jerin gwano zuwa banɗaki da ɗakin cin abinci a gine-ginen da ba don ƙanana aka yi su ba. Haruffa 26 ne, duk yaro zai iya su a K2 ko ya yi K1 ko bai yi ba, saboda haka fifikon da aka gina a kansu ba ya daɗewa. Yawan kalmomi, da sanin duniya, da iya bayyana dalili, da haƙurin gama abin da aka fara, su ne ba su da iyaka, kuma ba a samunsu ta hanyar maimaitawa a bayan malama.

Gani ya kori ji, don haka ki nemi ranar ziyara, makarantun suna buɗe ƙofa ga iyaye kafin lokacin rajista. Masu bincike suna da ma'aunin kallon aji da ake kira CLASS, mai maki 1 zuwa 7 a fanni uku: tausasawa da kulawa, tsarin aji, da zurfin koyarwa. A faɗin ƙasar azuzuwa kan sami wajen 6 a na farko, amma a na uku da ƙyar ake haura 3. Wato malama mai fara'a ba ta da wuyar samu, wadda ke sa yaro tunani ce ke da wuya. Ke ma za ki iya ganin bambancin cikin rabin sa'a. Ki tsaya kusa da kusurwar da yara ke gini da katakai. Hasumiya ta rushe. Wata malama za ta ce a kwashe a mayar cikin kwando. Wata za ta durƙusa ta tambayi yaron me yake gani ya sa ta faɗi, ta jira amsarsa ko da ya yi jinkiri, sannan ta ce ya gwada sa babban a ƙasa a gani. Ki ƙirga sau nawa magana ke zuwa ta dawo tsakanin babba da yaro ɗaya kafin a yanke ta. Ki duba agogo idan aka tara su a kan darduma: minti 15 zuwa 20 ya isa ɗan shekara 4, abin da ya wuce haka tsawatarwa ce za ta biyo baya. Ki kalli bango. Idan zane 22 ne iri ɗaya sak, malama ce ta yanka ta ba su suka manna. Ki tambayi inda banɗaki yake, da sau nawa ake fita waje wasa har a lokacin sanyi, da shekara nawa malamar da mataimakiyarta suka yi a ajin. Ki tambayi shugabar makaranta ko azuzuwan ƙananan sun sami shaidar inganci ta NAEYC, ƙungiyar ƙasa ta ilimin ƙananan yara, da abin da suke yi idan yaro ya ciji wani. Wadda ta fara da maganar kiran iyaye su zo su ɗauke shi ta gaya miki abu mai yawa.

Game da harshe, a wajen rajista za a ba ki takardar tambaya kan harshen gida. Ki rubuta Hausa idan ita kuke yi. Wasu iyaye kan ɓoye don tsoron a mayar da yaro baya, alhali abin da zai biyo shi ne gwajin Ingilishi, idan yana buƙatar taimako a ba shi. Ki kuma san cewa gwajin hoto huɗun nan da Ingilishi ake yi, kalmomin da yaron ya sani da Hausa ba sa shiga lissafi, don haka ƙaramin maki a farkon shekara ba alamar rashin kai ba ne. Ki ci gaba da yi masa Hausa mai yawa a gida, da tatsuniya da hira da tambaya, Ingilishi zai same shi a aji. Kina da haƙƙin a samo miki tafinta kyauta a taron makaranta, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 1982 ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun zaman iyayensa.

Jerin makarantun da za a ba ki daga adireshinku ake fitar da shi, tsarin da aka fara a 2014: duk makarantun da ke cikin mil ɗaya daga gida, sannan a ƙara wasu mafi kusa daga cikin masu matsayi na sama. Mai ɗan'uwa a makarantar yana da fifiko, sauran kuma ƙuri'a. Zagayen farko na K0 da K1 a watan Janairu yake buɗewa, kuma a nan kujerun da ake rububi ke ƙarewa, wanda ya zo a bazara jerin jira yake tararwa. Cikin zagayen babu fifikon wanda ya riga zuwa. Ki jera makarantun bisa yadda kike son su da gaske, kada ki saukar da wadda kika fi so don tsoron ba za ki samu ba. Tun 2005 Boston ta sauya tsarin rabon yadda dabarar ba ta ƙara wa kowa komai. Ki jera biyar zuwa sama. Ki tanadi takardar haihuwa ko fasfo na yaron, katin rigakafi, takardar gwajin lafiya daga likita, katin shaidarki mai hoto, da shaidar adireshi guda biyu, kamar yarjejeniyar haya da takardar kuɗin wuta. Ki tambayi ƙarfe nawa ake shiga da tashi, domin ranar karatu wajen sa'a shida ce kuma makarantu sun bambanta a lokacin farawa, sannan ba kowace ke da kulawar bayan tashi ba.

K2 ne gundumar ta lamunce wa kowane yaro kujera, K1 ba ta lamunce ba. Idan ƙuri'a ba ta faɗo kanku ba, akwai kujerun kyauta a cibiyoyin unguwa da birnin ke ɗaukar nauyi, shirin da aka faɗaɗa a 2019 da dala miliyan 15, masu bin manhajar gundumar na sa'a shida da rabi a rana, kwana 180 a shekara. Akwai kuma Head Start, shirin share fage na gwamnatin tarayya ga iyalai masu ƙaramin samu, wanda ƙungiyar ABCD ke gudanarwa a unguwannin Boston. Ki nemi duka ukun a lokaci ɗaya. Ki lura dai cewa yaron da ya yi shekararsa a cibiyar unguwa sai an sake yi masa rajistar K2, don haka ki tambayi cibiyar tun ranar farko ko tana da makarantar gwamnati da aka haɗa ta da ita, wadda yaranta ke samun fifiko.